Marigayi Rimot, Wanda Ya Cika a Injin Surfe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben aljihu a banza, ni Uwais Gaji, malamin dabbobi mazaunin Gashuwa, a madadin iyalina da motata, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rimot ɗin makullin motata. Ya cika ranar Talata da hantsi a cikin injin surfe na bayan layinmu, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar shawara. Shekarunsa goma sha tara a duniya, bakwai daga ciki a aljihuna ya yi su.

Ba a ƙasar nan aka haifi marigayin ba. Ta Kwatano ya shigo tare da motar, kuma tun ranar da dillali ya danƙa mini shi bai taɓa sa baki a abin da ba ruwansa ba. Baƙi ne, gajere, mai maɓallai uku. Ɗaya na buɗewa, ɗaya na kullewa, na ukun kuwa har ya bar duniya bai gaya wa kowa aikinsa ba, mu kuma kunya ta hana mu tambaya.

Duk maganarsa a duniya kalma biyu ce. In zai buɗe ya ce ƙwik. In zai kulle ya ce ƙwik-ƙwik, fitilu su ƙifta sau biyu, shi ke nan. Na sha zama a taron ma'aikata awa uku ana magana, in fito ban ji wanda ya faɗi abu mai amfani kamar wannan ba.

Mai haƙuri ne ƙwarai. Ya zauna aljihu ɗaya da allurar shanu da ɓarin goro da biro mai yoyo, bai taɓa neman a canza masa ɗaki ba. Ya ci kasuwar Nguru ba adadi, ya sha yashin Yusufari da na Kumagannam, ya sha girgizar hanyar Jakusko, batir biyu kacal ya nema a wurina cikin shekara bakwai. Ga riƙon amana. Motar tana da abin da masu gyara suke kira sikiyoriti, wato ba ta tashi sai ta ji makullinta na asali a kusa, ko da an yanko ƙarfe mai haƙora iri ɗaya. Na daɗe ina cika baki da wannan a majalisa, alhali ban san yadda abin yake aiki ba.

Amma babban aikin marigayi ba a jikin mota yake ba. Mahaifiyata, Iya Kaltum, idonta ya rufe shekara takwas ke nan. Shekara shida da suka wuce yayana Zakir ya shiga motar haya daga Nguru zai dawo Gashuwa, bai iso ba. Tun daga ranar Iya ba ta sa hannu a tuwo da yamma sai ta tabbata na dawo, ni kuma aikina kullum a kan hanya yake. Sallama ba ta gamsar da ita. Na taɓa yi mata ƙorafi a kan haka, sai ta ce, “Uwais, ranar da aka zo gaya mini labarin yayanka ma da sallama aka shigo. Wannan ɗan abin naka kuwa labari ɗaya ya iya kawowa.” Saboda haka duk yamma in na tsaya a ƙofar gida sai in danna, ya ce ƙwik-ƙwik, in jiyo muryarta daga tsakar gida tana ce wa matata Suwaibatu ta kawo kwano.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Litinin a bakin kogi, inda na je yi wa shanun Alhaji Abbo rigakafi. Alhaji Abbo mutumin kirki ne, dillalin shanu daga wajen Kumagannam, kuma Allah ya hore masa shawara a kan komai. Na sunkuya a mashaya zan duba kofaton wani maraƙi, marigayi ya zame daga aljihun gaban rigata, ya ce tsulum. Na lalubo shi cikin taɓo, na goge, na danna. Ya ce ƙwi, rabin kalma, a shaƙe. Na sake dannawa, shiru.

A nan ya kamata in faɗi wani abu saboda gaskiya. Suwaibatu ta gaya mini fiye da sau ashirin in daina sa makulli a aljihun gaba. Ban ji ba, kuma saboda ban ji ba ne na ƙudura a raina ba za ta san abin da ya faru ba.

Alhaji Abbo ya karɓi majinyacin, ya jujjuya shi, ya kai shi kunne ya girgiza. Ya ce, “Malam Uwais, wannan ai ƙaramin abu ne. Ka buɗe shi, ka binne shi cikin hatsi kwana uku, zai tsotse ruwan tas.” Na ce na ji ana cewa shinkafa ake sawa. Ya yi mini kallon tausayi ya ce, “Shinkafa? Abin da a cikin ruwa ya girma shi zai kori ruwa? Gero, Malam. Geron tudu, wanda bai taɓa ƙoshi da ruwa ba tun da aka shuka shi.” Maganar ta shige ni. A gidana akwai shinkafa buhu guda, wadda babu mai kai ta inji, amma na zaɓi gero.

Na buɗe ƙofar mota da hannu kamar mutanen da, na sa makulli, ta tashi lafiya lau ta kawo ni gida. Na roƙi masu karatu su riƙe wannan, za a dawo kansa. Ranar Iya ba ta ji ƙwik-ƙwik ba, na ce mata batir ne ya yi sanyi. Ta ce to. Bayan sallar magariba na sa bakin wuƙa na kwance ɗan kusan, na raba kan makullin da ƙarfensa, na sa ƙarfen a aljihu. Sauran kuma na lallaɓa ɗakin girki na tura su can ƙasan wani kwanon gero da na gani a rufe da faifai. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa aka auno gero aka ajiye daban ba.

Washegari na shiga mota da ƙarfen makulli kaɗai. Na murɗa, ta yi tari, ta ƙi tashi. Na sake murɗawa, wata 'yar jar fitila ta fara ƙifta mini ido a gaban sitiyari. Na yi ta fama har gumi ya jiƙa mini hula kafin hankalina ya ba ni cewa kan makullin take nema. Na ruga ɗakin girki. Babu kwano. Na tambayi Suwaibatu cikin muryar da na yi ƙoƙarin ta zama ta yau da kullum, ta ce, “Wane gero? Na surfe? Ai tun ɗazu yana inji.”

Ban kai ga injin ba na haɗu da mai shi a hanya, yana tafe da wani abu ƙunshe a takarda. Shi ne ya ga cikawar marigayi. Ya ce yana juye kwanon sai ya ji ƙaras, sannan ƙarararas, ya kashe inji da gudu, amma aikin gama ya gama. Waɗannan su ne kalmomin marigayi na ƙarshe, kuma su ne mafi tsawo da ya taɓa furtawa. Na buɗe takardar na ga ɓaraguzan baƙar roba, da wani ɗan koren allo ya rabu uku, da maɓalli ɗaya da ya fita lafiya ƙalau. Na ukun ne, wanda ba a san aikinsa ba.

Abin da Suwaibatu ta faɗa da ta ga takardar ba zai shiga sanarwar rasuwa ba. Sai dai mun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya, cewa ba za a gaya wa Iya ba. Haka aka saba a gidanmu, ba a kai wa tsohuwa labarin da zai tayar mata da hankali. Aka ce mata an mayar da ni aikin ofis a cikin gari na 'yan kwanaki, mota tana hutawa. Ta ce to.

Ranar Laraba na shiga motar haya zuwa Nguru, irin wadda na yi wa Iya alkawarin ba zan ƙara shiga ba, na kai gawar wurin Bobboi, mai gyaran wayoyin mota da kowa ya yarda da hannunsa. Ya baje ɓaraguzan a kan benci, ya tona su da tsinke, ya ɗago ya ce, “Yallaɓai, ina ƙwayar?” Na ce wace ƙwaya. Ya ce a cikin kan makulli akwai wata 'yar baƙar aba, ba ta kai ƙwayar wake ba, ita ce motar take ganewa, sauran duk ado ne. In an same ta zai manna ta kusa da inda ake sa makulli, mota ta tashi da ƙarfe kaɗai. In ba a same ta ba, sai an nemo sabon kaya daga Kano, Kanon ma irin wannan tsohuwar sai an dace.

Sai ya tambaye ni yadda aka yi, na gaya masa. Ya ajiye tsinken a hankali ya ce, “Ranar da ya faɗa ruwa, motar ta kawo ka gida?” Na ce ta kawo ni. Ya ce, “To wallahi da ka bar shi da ruwansa, da za ta yi ta kawo ka gida har shekara goma. Ƙwayar ba ruwanta da ruwa, ko batir ba ta ci. Wa ya ce ka buɗe?” Ban kama sunan kowa ba, domin Alhaji Abbo yana da shanu ɗari da ni nake dubawa.

Tun ranar Talata an riga an wanke geron, an niƙa, an tuƙa tuwo da rabinsa mun ci, an dama kunu mun sha. Dusar kuma an zuba wa awaki. Muka shiga nema. Suwaibatu ta tankaɗe sauran garin sau bakwai. Na share ƙasan injin surfe da tsintsiya a durƙushe, mai injin yana tsaye a kaina yana ba mutane labari. Na bi garken awakina da sanda ina fasa abin da ba sai na faɗa ba, ni da na yi karatun dabbobi shekara huɗu. Duk wannan a cikin raɗa muke yi, kada Iya ta ji.

Aiki kuma bai tsaya ba. Kullum da safe in ce mata na tafi ofis, in zagaya tasha in shiga motar haya. Da yamma in shigo da sallama. Sai in tarar da kwanonta a rufe, in zauna in yi ta lallashi, ta yi loma biyu ta ture. Kwana biyar haka. Na ga wuyan hannunta ya fara sirancewa, kuma na ji tsoro, tsoron da ya fi na rasa mota nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadi da hantsi Alhaji Abbo ya zo jaje. Ya saurari bayanin Bobboi daga bakina, ya shafa gemu, ya ce, “To ai magana ta zo da sauƙi. Tun da ƙwayar kusa da makulli kawai take so, kuma a gidan nan aka cinye geron, sai a gwada mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya.” Na san maganar banza ce. Na sani sarai. Amma mutumin da ya kwana huɗu yana tonon kashin awaki ba ya raina shawara.

Ni na fara. Na manna cikina da sitiyari na murɗa, mota ta yi tari. Aka kira Suwaibatu, ta zauna fuskarta a ɗaure ta ce, “Baban Rahima, in wannan labarin ya kai gidanmu, ka san inda za ka neme ni.” Motar ta sake yin tari. Daga nan aka koma kan awaki, maƙwabta kuwa sun cika gindin darbejiya, har da masu kawo tabarma. Akuya ta farko ta ci rabin takardun mota. Ta biyu ba ta yi komai ba sai abin da ta bari a kan kujera. Ta uku, wata ja mai ciki, muna ɗaga ta ni da Alhaji ta sa ƙafa biyu a tsakiyar sitiyari ta danne ham, ta ƙi saki.

Ham ɗin bai gama mutuwa ba na ga Iya a bakin zaure, hannunta ɗaya a jikin bango. Ta ce, “Uwais, me akuya take yi a motar da aka ce tana hutawa?” Ban san yadda ta gane akuya ce ba, sai daga baya na tuna akuyar ma ba ta yi shiru ba.

A gaban mutanen layi na tsuguna na gaya mata komai, tun daga mashaya har zuwa ƙwayar. Ta saurara har na gama. Sai ta jawo haɓar zanenta, ta kwance wani ɗan ƙulli, ta miƙo tafin hannu ta ce, “Wannan?”

Ita ce. Baƙa, 'yar mitsitsiya, ko ƙwarzane babu.

Ta ce, “Tun ranar Talata ina tsintar geron da aka dawo da shi daga inji na ji ta a yatsana. Shekara sittin ina tsince tsakuwa, ban taɓa jin mai santsi da kusurwa huɗu ba. Na ce wannan aikin mutum ne, mai ita zai nema. Na yi ta jira a tambaye ni, sai ji nake kuna tankaɗe gari kuna ƙus-ƙus.” Sannan ta sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji. “Kuma ofis ba ya warin banda. Kwana huɗu kana shigo mini da warin kifin mutane a rigarka, ka ɗauka ban san motar haya ba? Idona ne ya mutu, Uwais, ba ni ba.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mun ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi, ashe ita kaɗai ta kwana biyar da tashin hankalin, da maganin abin ƙulle a zanenta.

Ranar Litinin Bobboi ya zo Gashuwa da kansa. Ya kwance murfin da ke ƙasan sitiyari, ya manna ƙwayar da gam kusa da ramin makulli, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce in murɗa. Ta tashi bugu ɗaya. Yanzu motar tana zaton makullinta na asali yana kusa da ita dare da rana, saboda haka duk wanda ya yanko ƙarfe mai haƙora irin nawa zai iya tafiya da ita. Bobboi ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa shi ma kada ya gaya wa kowa. Maganar ƙwik-ƙwik kuwa, ya ce wannan ta tafi tare da koren allon, sai dai haƙuri.

Marigayi ya rasu ya bar mota ɗaya, mai tashi amma bebiya. Ya bar ƙarfen makulli, wanda yanzu yake rataye da jan ƙyalle a aljihun gefe kamar yadda Suwaibatu ta ce tun farko. Ya bar ƙwaya ɗaya, da batir mai sauran rai, da maɓalli na uku. Ya kuma bar ɗan uwansa, makulli na biyu, da suka zo tare daga Kwatano, wanda dillali ya yi alkawarin kawo mini ranar Asabar, shekara bakwai da suka wuce. Duk wanda ya san inda yake ya taimaka ya isar masa da labari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidana, daidai inda marigayi ya saba magana. An sa shi a cikin gwangwanin madara. Na tuntuɓi limamin layinmu, ya ce ba a yi wa roba salla, kuma in ƙara tambayarsa irin wannan zai kai ƙarata wurin Iya, saboda haka binnewa kawai za a yi. Akwai kunu ga masu zuwa, kada kowa ya ji tsoro, garin ya sha tankaɗe. Ana gayyatar Alhaji Abbo, tare da roƙon ya bar shawararsa a gida. Jar akuya ta ba da uzuri.

Sai roƙo na ƙarshe ga masu zuwa ta'aziyya a ranakun aiki. Don Allah kada wanda ya yi sallama a gidan nan tsakanin la'asar da dawowata. Ku zauna a gindin bishiya ku jira mota. In ta tsaya kuka ga na fito na kulle ƙofa da hannu, na duba hagu na duba dama, na matsa bakin zaure na gyara murya, to ku kau da kai, ku riƙe dariyarku har ku je gida. Shekaruna arba'in da bakwai, gemuna ya fara fari, kuma tun ranar Litinin ni nake riƙe da aikin marigayi.

Ranar farko da na gwada, na ce ƙwik-ƙwik, gidan ya yi shiru har na fara tunanin na yi wauta. Can sai na jiyo Iya daga tsakar gida tana cewa, “Suwaibatu, kawo tuwon. Batirinsa ya yi sanyi, amma shi ne.”

Ranar ta cinye kwanonta tas.